Ruwan da Ta Miƙa da Hagu

Ku da kuke leƙowa shagon nan da waya a hannu kuna ce mini, "Habu, ai haɗa fim ba aiki ba ne, yatsa ɗaya ya isa," ku ja benci ku zauna. Yatsa ɗaya ya ishe ku, na yarda. Ni da leɓe na koyi wannan sana'a. Ku riƙe dariyar, za a zo wurinta.

Daga unguwar Hayyus-Sabi'i har Abbasiya a nan Alƙahira, in kuna nemana, Habu Bakara za ku tambaya. Bakara a bakin Misirawa ita ce faifan da ake naɗe fim a jikinsa. 'Yan ɗakinmu ne suka liƙa mini sunan, wai kawuna ya turo ni daga Funtuwa in haddace Baƙara, na ƙare da naɗe bakara. Ba su yi ƙarya ba. Na sauka Alƙahira a 2011 da niyyar komawa gida da rawani, sai nahawu ya tare ni a ƙofa. Malam ya nuna kalma ya ce mece ce, na ce fa'ili, ya ce maf'uli, na ce to su biyun su sasanta tsakaninsu. Tun daga ranar ni da ajin muke gaisawa daga nesa.

Aikina na farko ɗaukar gwangwani ne. Ina tsaye ina cin ful, dafaffen waken Misirawa, a bakin titi a Abbasiya, sai ga wani tsoho siriri, gilashin idonsa kamar gindin kwalba, yana fama da wasu faffaɗan gwangwanaye na ƙarfe daga bayan tasi. Na kama masa muka sauka wani ɗaki a ƙarƙashin bene. Ya buɗe ɗaya, wani tsami ya doke ni har sai da na ja baya. Ya ce, "Me ka ji?" Na ce, "Khal, ruwan tsamin nan da ake zuba wa salad." Ya ce, "Tamam, hancinka yana aiki. Wannan warin mutuwar fim ne. Gobe ka dawo." Shi ne Usta Sabri (Usta suke ce wa gwanin sana'a), mai gyaran tsofaffin finafinai, kuma haka aka ɗauke ni aiki, ba wanda ya tambaye ni i'irabi.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana da ranar da zai kunyata ka. Akwai tebur mai fitila a ƙarƙashin gilashi da faifai biyu da ake juyawa da hannu. Akwai almakashi, reza, madubin ƙara girma, farar safar hannu, da wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ake kwantar da bakin fim biyu a kai in za a haɗa su. Sai ruwan liƙi, mai wari irin na abin goge jan farce. Fim kuma fuska biyu gare shi: ɗaya santsi ce kawai, ɗayar ita ke ɗauke da hoton. In za ka liƙa, sai ka kankare fuskar hoton da reza, siriri, ka shafa ruwan, ka danne. Ka kankare ɗayar fuskar, liƙin zai yi maka murmushi a tebur, ya jira sai ɗaki ya cika da mutane sannan ya tsinke.

Yaya ake gane fuskar hoton? Da rana ido yana iya gani. A cikin duhu kuwa, sai ka ɗan jiƙa leɓenka ka taɓa gefen fim ɗin. Fuskar hoto tana kama leɓe, mai santsi ba ta kamawa. Ranar da Usta ya nuna mini na ce, "Usta, a garinmu in aka ga namiji yana sumbatar roba, ruƙiyya ake kai shi." Ya ce, "A nan ma, ya ibni, ɗana. Shi ya sa shagon yake ƙarƙashin ƙasa."

Masu kawo aiki iri-iri ne. Yawanci tsofaffi ne da ƙananan faifai na bikin aurensu, suna so a wanke, a liƙa, a mayar musu cikin kwamfuta jikoki su gani. Wani alhaji mai shagon takalma ya taɓa kawo na bikinsa ya ce a cire masa ƙanin matarsa daga farko har ƙarshe, sun yi faɗa kan gado. Mutumin nan kuwa irin masu son hoto ne, duk inda aka juya yana nan yana washe baki. Na yini ina yanka. Da muka haska, ango ya miƙa hannu zai gaisa, sai ga shi a zaune yana shan shayi. Amarya ta tashi, sai ga ta a mota. Bikin da aka yi yini guda ana yi ya ƙare kafin shayin Usta ya huce. Alhajin ya kalla ya ce, "Haka ya kamata a yi shi tun farko." Bayan Sallah suka shirya, ya dawo a mayar da surukin. Usta bai taɓa zubar da abin da aka yanke ba, yana nan a ambulan. Wannan darasi ne: abin da ka yanke, ajiye shi, zuciyar mai kaya tana juyawa.

Shekarar da ta ba mu wuya ita ce daga tsakiyar 2013 zuwa cikin 2014. Gari ya rikice, aka sa dokar hana fita, wanda yake da tsohon faifan biki ya ga ba lokacin tuna biki ba ne. Da dokar ta wuce sai wuta ta karɓi aikin, a kawo a ɗauke, a kawo a ɗauke, har na fara jin kamar ina gida. Injin da muke mayar da fim cikin kwamfuta ya zama teburin cin ta'amiya, ƙosan Misirawa. Sai mu yini ba wanda ya sauko matakalar nan sai magen mai gadi. A wannan zaman banzan ne Usta ya jawo wasu gwangwanaye daga ƙarƙashin gadon da yake ƙailula, waɗanda bai taɓa bari na taɓa ba.

Fim ne na zamanin da fim bai koyi magana ba. Mutane suna motsa baki, ba ka jin komai, can sai baƙin allo ya fito da rubutu, Larabci a sama, Faransanci a ƙasa, ya gaya maka abin da aka ce. Farkonsa ya ɓace, don haka ba wanda ya san sunansa. Usta ya ce irinsa kaɗan aka yi a Masar kafin sauti ya zo, kuma da sauti ya zo aka yi musu abin da kuke yi wa tsohuwar waya. Wasu suka ƙone, don fim ɗin lokacin kamar fetur yake. Wasu aka narkar. Wannan kwafi ne da wani ya yi daga baya, Usta ya tsince shi cikin tarkacen wani gidan silima da aka rushe a wani gari.

Labarin 'yar wani mai jirgin ruwa ne a bakin Nilu. Uban ya makance, ita take saƙa furanni tana sayarwa a kan gada tana ciyar da shi. Wata matar attajiri ta ɓatar da awarwaronta, aka ce yarinyar ce, aka kai ta kurkuku. Maƙwabta suka gaya wa makahon wai ta gudu ta bar shi. Da ta fito ta tarar da shi a kwance yana gargara, ta ba shi ruwa, ya shafa fuskarta ya gane ta, ya sa mata albarka, ya cika. Na ce, "Usta, ai na san wannan fim. Na gan shi da Indiyanci, na gan shi da Hausa." Ya ce, "Jikokinsa ka gani. Duk kukan da kuke yi a gaban talabijin, a irin wannan aka fara koyon yadda ake jawo shi. Ba murya, ba waƙa, fuska ce kawai da hannu."

Sai ya tsayar da faifan a kan fuskar mai furen, ya miƙo mini madubi. Ya ce, "Ummi ce." Mahaifiyarsa. Sau ɗaya ta yi fim tana budurwa, danginta suka ɗauke shi abin kunya, aka rufe maganar. Ta rasu yana ƙarami, hoto ɗaya ya sani nata, sai wata gwaggonsa da ta raɗa masa labarin. Ga shi kuma khal ya kama gwangwanayen, gefen fim ɗin ya fara nannaɗewa. In wari ya fara ba ya komawa baya. Kwamfuta za ta riƙe hoton, amma ba wannan ne ya dame shi ba.

Abin da ya dame shi, sau ɗaya ya taɓa haska shi ga jama'a, a wani gidan shayi na 'yan boko, kuma dariya suka yi. Injin lantarki aka sa, shi kuwa gudunsa na fim mai magana ne, ya fi na da sauri. Sai mahaifiyarsa ta riƙa tafiya kamar kaza a kan kwano mai zafi, in ta yi kuka kafaɗunta suna rawa kamar mai jin sanyi. Makaho ya mutu, ɗaki ya fashe da tafi da shewa. Usta ya naɗe kayansa ya dawo. Ya ce mini, "Kafin khal ya cinye ta, ina so in ga ɗaki guda ya yi mata kuka. Ba don an san uwata ce ba. Don aikinta."

Na ce, "Usta, kuka kake nema? Ka zo gidan kuka. Ina da mutanen da in jarumi ya yi tuntuɓe a fim ɗin Indiya sai sun kasa cin tuwo."

Akwai tsohon majigi a lungun shagon, na juyawa da hannu. Muka wanke shi, muka haɗa fitilarsa da batirin mota, wuta ta je ta yi ta wasanta. A nan na san juya hannu ilimi ne. Kamar injin murza taliya yake, sai dai taliya ba ta kuka. Ka yi sauri, makoki ya zama wasan yara. Ka yi sanyi da yawa, hoto ya riƙa ƙyaftawa har kan mutane ya yi ciwo. Wurin gudu ka ɗan ƙara, wurin baƙin ciki ka ɗan sassauta, kuma kafaɗarka ba ta da izinin gajiya. Usta yana tsaye a bayana da 'yar sanda yana taɓa gwiwar hannuna. "A hankali. Uwata ba ta tsere wa 'yan sanda ba, kasuwa za ta." Ya kuma gaya mini a da akwai mai tsayawa gefen allo yana yi wa waɗanda ba su iya karatu ba bayani, mufahhimati suke ce masa. Na ce wannan kam gadonmu ne, surutu a kan fim ba sai an koya wa Bahaushe ba.

Matsalar ɗaya, azumi ya kama. Ramadan na 2014, zafi kamar an buɗe murhu. 'Yan uwana ɗalibai Hausawa kuma ba ka ce musu su zo kallon fim da rana tsaka cikin azumi ka kwana lafiya. Na je wurin Ustaz Nura, babba a ɗakinmu, mutumin Zariya, ɗan kulliyar Shari'a, wanda ko gaisuwa sai ya kawo mata hujja.

Na ce, "Ustaz, me ya sa kallon fim yake da matsala?"

Ya ce, "Kiɗa, da muryar mata, da tsiraici."

"To wanda ba kiɗa fa?"

"Babu irinsa."

"Ba kiɗa, ba murya, ko tari ba a ji. Matar ciki kuma ta fi ka rufe jiki."

Ya shafa gemu. Ya ce, "Wannan mas'ala ce da take buƙatar mu'ayana." Wato sai ya gani da idonsa. Ya zo da rabin benenmu su taya shi binciken.

Na gayyato Maman Rabi ma, mutuniyar Maraɗi, mai tuwon da duk ɗalibin da kewar gida ta kama yake zuwa wurinta a Abbasiya. Ta ɗora miyar buɗa-baki ta bar wa 'yarta, ta zo da ƙawayenta, muka sa musu benci a baya. Usta ya ja kunnena kada in gaya wa kowa wace ce a fim ɗin.

Bayan la'asar muka fara a shagon. Wuta ta ɗauke kamar an yi shawara da ita, ɗakin ya yi duhu, na kama hannun majigi na buɗe baki. "Jama'a, ga Nilu, ba Kogin Kaduna ba ne, Ustaz, kada ka ce ka san wurin. Ga dattijo, ido ya tafi, sai carbi. Ga 'yarsa, ku dubi tarbiyya, ta durƙusa kafin ta ajiye kwano." In rubutu ya fito, ɗalibai su karanta Larabcin da tajwidi, Maman Rabi ta karanto Faransancin daga baya, a yi gardamar wanda ya fi daidai. Da aka kama yarinyar a kan gada, wani ya ce, "Wallahi sharri ne, ina kallon hannunta tun ɗazu." Da matar attajiri ta fito, ƙawar Maman Rabi ta ja tsaki mai tsawon da ya isa a yi masa rubutu a allo. Da aka rufe ƙofar kurkuku, ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar injin. Na saci kallon Usta. Ba allon yake kallo ba, ya juya kujerarsa yana kallon mutane.

Muka zo faifan ƙarshe. Ta shigo ɗakin, uban yana kwance. Na sassauta hannu, na sassauta murya. Ta ɗebo ruwa a tulu, ta durƙusa, ta miƙa masa.

Da hagu.

Wani daga gaba ya ce, "A'a." Wani ya ce, "Uban nata? Da hagu?" Kafin in haɗiye yawun da ba ni da shi, ɗaki ya juye. "Ashe kurkukun ya lalata ta." "Dama na ga idonta a tsaye yake." "Mutum yana gargara ki ba shi ruwa kamar kina miƙa wa kare." Ustaz Nura ya fara jawo hadisin ci da sha da dama. Makaho ya shafa fuskarta, ya sa albarka, ya mutu, ba wanda ya kula. Wani ma cewa ya yi baƙin cikin hagun ne ya ƙarasa shi.

Usta ba ya jin Hausa, amma ya san sautin kuka, kuma ya san ba shi ba ne wannan. Ya matso ya ce, "Me suke cewa?"

Na ce, "Suna yaba hasken, Usta."

"Ya ibni."

Na gaya masa. Ya cire gilashi ya goge da gefen riga. Ya ce ya daɗe da ganin hannun. Ya ɗauka mai ɗaukar hoton ne, wani Bature, ya sa ta yin haka don kada ta tare fuskar uban, ita kuma yarinya ce, ba ta iya musu ba. Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Kunna fitilar waya su ga hanya."

Sai muryar Maman Rabi daga baya. "Kai Habu, tsaya. Tulun nan, wa ya matsar da shi?"

Na ce, "Wane tulu, Mama?"

"Tulun ruwan ɗakin. Da farko in ka shigo yana dama da ƙofa. Yanzu ya koma hagu. Makaho ne ya tashi yana gargara ya sake wa ɗaki tsari? Kuma ka dubi tsohon, shi ma da hagu yake jan carbi, ɗazu kuwa da dama yake ja. Ɗaurin kallabinta ma ya sauya gefe. Ku maza ba ku ga komai ba sai abin zagi. Yarinyar nan ba ta yi laifi ba, ɗakin ne gaba ɗaya aka kifa."

Na fassara wa Usta. Sai ya fizgi faifan farko da na ƙarshe ya kai tebur, na haska masa waya. Tulu a dama. Tulu a hagu. Ya ɗaga fim ɗin yana jujjuyawa, yana magana shi kaɗai. Abin da ya faru, tun kafin a haife ni wani ya liƙa wannan yanki a kife, aka kwafi fim ɗin da kuskuren a cikinsa. Kwafin lafiyarsa lau, fuskar hoto tana inda ya kamata daga farko har ƙarshe, duk gwajin sana'a zai ce maka daidai ne. Wurin kuma ba rubutu, balle a ga haruffa sun juya. Shekara da shekaru yana duba fuskar uwarsa da madubi, bai taɓa duba tulu ba.

Maganin ɗaya ne: a yanke yankin, a kifa shi da gangan, a liƙa. Fim mai magana ba ya yarda da haka, don layin sautinsa a gefe ɗaya yake. Wannan kuwa bebe ne, ramukansa iri ɗaya ne dama da hagu. Usta ya ɗauki almakashi, ya ajiye. Ya ce, "Tun ina yaro ake dukana kada in liƙa fim a kife. Hannuna ba zai yarda ba. Kai naka bai daɗe da shiga makaranta ba." Ya miƙo mini.

Na sa safar hannu, na yanke sama, na yanke ƙasa, na juya. Saura kankara. Ga duhu, ga fitilar waya ba ta da ƙarfi, ga fim ya sha juyi har na rasa gabansa da bayansa. Na lashi leɓe na ɗago shi zuwa baki.

Ustaz Nura ya riƙe mini hannu. "Me za ka yi?"

"Zan ɗanɗana, Ustaz."

"Da azumi?"

Nan fa aka buɗe majalisa. Wani ya ce makaruhi ne, ƙiyasi a kan mai dafa abinci da ke ɗanɗana gishiri. Wani ya ce ai mai dafa abinci lalura ce ta sa shi, fim kuwa ba a ci. Wani ya ce warin khal yake yi, khal kuwa abinci ne. Wani ɗan Sakkwato ya ce a jira magariba, Maman Rabi ta ce in aka jira magariba miyarta za ta ƙone, kuma duk wanda ya jawo haka kada ya sake zuwa mata da kwano. Wannan ya gaggauta ijtihadi. Ustaz Nura ya ce, "Leɓe daga waje yake, hukuncinsa hukuncin fata ne. Ka taɓa, kada ka haɗiya, ka tofar. Kuma wanke mutumin da aka yi wa ƙazafi wajibi ne, mu kuwa yanzun nan muka yi mata." Aka kawo shaidu biyu suka tsaya a kaina da fitila suna kallon maƙogwarona.

Na taɓa. Ya kama. Na tofar a tsumma, shaidu suka ce bai wuce ba. Na kankare, na shafa ruwa, na danne, na ƙirga a zuci yadda aka koya mini, na yi ɗaya bakin. Usta ya ja liƙin da yatsu biyu, ya kai kunne ya lanƙwasa shi, ya miƙo mini faifan. A wurinsa wannan shi ne yabo.

Na mayar da faifan daga inda ta fito kurkuku. Usta ya tsaya a gaban injin da kansa, don yankin da aka kifa sai an ɗan murɗa gilashi kafin ya fito tas. Wannan karon ban yi surutu ba, ba abin da zan ƙara. Ta shigo. Tulu yana dama da ƙofa. Ta ɗebo, ta durƙusa, ta tallafo kan uban da hagu, ta kai masa kofin baki da dama. Ya sha. Hannunsa ya tashi yana lalube, ya sami goshinta, ya gangaro kan hanci, ya tsaya. Ita kuma ba ta yi irin kukan da muka saba gani ba, na faɗuwa ƙasa da birgima. Ta rufe ido kawai ta kwantar da kuncinta a tafinsa.

Benci na baya ne ya fara. Daga nan abin ya taho gaba layi-layi. Ɗan Sakkwaton nan ya ja hula ya rufe fuska. Ustaz Nura yana ta share ido yana cewa warin khal ne, wai dama yana da matsala da shi tun yana yaro. Usta ya raɗa mini, "Me suke cewa yanzu?" Na ce, "Ba sa cewa komai." Ya ce, "To sassauta. Kada ka kai ƙarshe da wuri." Na sassauta har hoton ya fara ƙyaftawa, bai taɓa gwiwar hannuna ba.

Fim ya ƙare, farin haske ya tsaya a bango. Maman Rabi ta taso tana gyara mayafi, ta zo wucewa ta gaban Usta, ta tsaya. Ta dube shi a cikin hasken nan, ta dubi bangon, ta sake dubansa.

Ta ce, "Habu, tambaye shi. Hancin nan na yarinyar, a ina ya samo shi?"

Ban tambaye shi ba, na ce, "Mahaifiyarsa ce, Mama. Ta daɗe da rasuwa."

Waɗanda suka kai matakala suka dawo. Wanda ya yi maganar kare ya rasa inda zai sa idonsa. Ustaz Nura ya gyara tsayuwa ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Da Hausa ya yi, ban san dalili ba, shi da ko ruwa zai roƙa sai da Larabci. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata, Ya yafe mana abin da muka faɗa a kanta, Ya shayar da ita kamar yadda ta shayar. Ɗaki ya ɗauka da amin.

Na matsa kusa da Usta zan fassara masa. Ya ɗaga mini hannu, tafukansa a buɗe, gilashin ya yi hazo.

Ya ce, "Wannan na ji."